Attajirar Mako Biyu

Bat tamanin na ba tsoho Thawin,
mai akwatin katako a bakin kasuwar Nonthaburi.
Ya miƙo mini tikitin caca, lamba shida,
na soke shi a bango, saman keken ɗinki.

Daga yau har sha shida ga wata
ni attajira ce, kada wanda ya tashe ni.

Litinin na saye gidan da nake haya,
na bar wa mai shi ɗakin ƙasa, inda ruwa ke shiga.
Talata na sa wa uwata haƙoran zinariya,
ta yi ta dariya ba dalili, don a gani.
Laraba ban sayi komai ba. Barci na yi har hantsi,
alhali ƙafata na taka keke,
wandon wani na wucewa ƙarƙashin allura.

Ƙanwata Lamduan ta ce, "Kuɗin taliya kwano biyu
kin jefa a kogi."
Na ce, taliya kafin yamma ta narke,
wannan kuwa mako biyu ina tauna.

Ranar ta zo. Aka karanto lambobin a rediyo
kamar sunayen 'ya'yan wasu.
Ko ɗaya ba ta waiwaye ni ba.

Na ninke takardar, na tokare ƙafar teburin da ke rawa.
Ya zauna daram.
Gida dai na mayar wa mai shi.
Haƙoran kuwa na bar wa uwata,
ban da zuciyar cire su.