Ƙafar Jatau

Shekara uku tana ƙarƙashin gado,
ƙafar hagun Jatau,
da takalminta, igiya a ɗaure yadda ya bar ta
daren da ya cire bai sake sawa ba.
In ina shara tsintsiya ta taɓa ta,
sai in ce, "Gafara, Malam,"
in kewaye.

Ran Laraba rediyo ya ce ƙasa ta girgiza
a wani gari da sunansa ya ƙi zama a bakina.
Wai lafiya lau suka kwanta.
Kafin asuba benaye sun durƙusa kamar raƙuma,
waɗanda aka zaro da rai
wani ba hannu, wani ba gwiwa.
Ni ban san motsin ƙasa ba,
sai wanda jirgi ke sa wa kwanukan ɗakina
in ya taso daga tashar Sabon Gari.
Shi ne ma ya ci ƙafar Jatau,
yana haɗa taragu, da azumi a bakinsa.

Nazifi jikana ya shigo da labari:
a bayan asibitin Shika ana tara sandunan dogarawa,
keken guragu, ƙarfen ɗaure baya,
duk abin da zai miƙar da mutum.
Za a aika can.

Kwana biyu ina juyi.
Na uku na kakkaɓe ta, na naɗe a sabuwar atamfa.

A cikin keke, daga Tudun Wada har Kwangila,
tana kwance bisa cinyata.
Wata mata ta matsa mini, ta ce, "Barci yake?"
Na ce, "Ya daɗe yana yi."

Istifanus, ɗan Wusasa,
hannunsa fari fat da filasta,
ya juya ta, ya lanƙwasa, ya kara kunne.
"Mama, gwiwar garau take. Ƙarfen ma.
Tafin zai yi wata shekara biyar.
Amma ƙoƙon nan na sama, inda dungulmi ke zama,
a jikin mutum ɗaya aka auna shi.
Ba ya shiga kowa."

Noti huɗu ya kwance.
Huɗu kacal,
ya raba abin da ke na Jatau da abin da ke na duniya.

Na ce ya rubuta a takarda ya liƙa:
gwiwar nan tana kuka in za a zauna tahiya,
a ɗiga mata man keken ɗinki, ɗigo biyu.
Ya yi dariya, ya ce wa zai karanta Hausa a can?
Na ce rubuta dai.
Ya rubuta.

Washegari na aiki Nazifi da ɗaya takalmin,
don mai ƙafa ɗaya ma
takalmi biyu yake sawa.

Kai da za ka ɗaura ta,
ko ke, Allah ne masani,
ban san kalar idonka ba,
ban san wa ka bari a ƙarƙashin ginin ba.
Amma tafin nan ya san taɓon kasuwar Sabon Gari,
ya san hawan Ƙofar Doka da rana tsaka,
ya raka 'ya'ya biyar makaranta,
ya tsaya a bakin kabarin biyu bai karye ba.
Farko za ka tsane ta. Shi ma ya jefar da ita sau uku,
sau uku ina ɗaukowa daga bakin rijiya.
Ka yi haƙuri da ita wata shida.

Ƙoƙon yana nan bisa taga.
In na sa hannu ciki
ina jin inda ƙashinsa ya lotsa shi.

Yau da safe tsintsiya ta shige ƙarƙashin gado
har bango, ba ta taɓa komai ba.
Bakina ya riga ni: "Gafara, Malam."
Sai na tuna ya yi tafiya.