Daren da Saba Ta Ƙoshi

Ƙarfe biyun dare a Gadarif.
Fankar sama na juyawa kamar an tilasta ta,
ni da allon kwamfuta mun zuba wa juna ido.
Kashi casa'in da bakwai, in ji shi.
Memori ya cika maƙil,
kamar motar riɗi ranar kasuwa
wadda direbanta ke rantsuwa akwai sauran wurin buhu ɗaya.

Gobe da hantsi za a buɗe gwanjo.
Manoman Doka za su latsa waya don ganin farashi,
in shafin ya ƙi buɗewa
ba wanda zai zagi na'ura.
Mutawakkil za a ce,
jikan Hausawan nan mai tabarau.

Na kashe ta, na kunna.
Ta sauko talatin, ta yi lamo kamar mutuniyar kirki.
Ban kai rabin kofin gahawa ba
ta koma hawa,
arba'in, hamsin da biyar, sittin,
tafiyar tururuwa a bangon rumbu.

Na tashi Tahani daga barci.
Ba ta ko amsa sallama ba:
"Ma'aikata nawa ka ɗora mata?"
Na ce arba'in.
Shirun da ta yi ya fi zagi.
"Giga biyu kacal, ka kira gayya?
Kowa da tabarmarsa, a ɗaki ɗaya?"
Na buɗe fayil ɗin saiti, na mai da su shida,
na ce kowanne in ya yi aike dubu
ya sauka, wani ya karɓa.

Hawan ya rage gudu.
Bai tsaya ba.

To, ba yawan baki ne kaɗai ba,
akwai mai ci ba ya tashi daga akushi.
Na shiga rajistar aiki layi bayan layi,
idona na yaji, sauro na karɓar zakkarsa a idon sawuna,
har na iso inda hotuna ke shigowa.
Duk manomin da ya ɗauki tafin riɗinsa a hoto ya turo,
sai manhaja ta karɓa, ta rungume,
ta ƙi ajiyewa.
Hoton jiya na nan, na shekaranjiya na nan.
Ƙofar rumbun bayanai kuma
a buɗe ta, a shiga, a fita, ba mai ja.

Wane sakarai ne ya rubuta wannan?
A saman layin ga ɗan bayani:
"na wucin gadi, zan gyara bayan Salla."
Salla huɗu ke nan.
Rubutuna ne.

Kakana da ƙafa ya taso daga Haɗeja, Makka ya nufa,
nan ƙasar ta riƙe shi da noma.
Yakan ce abin da ya koya a hanya ɗaya ne:
kowane zango sai ka sauke wani abu,
mai cewa komai nasa ne ba ya ganin kogi na gaba.
Ban zaci zan tarar da maganarsa
a layi na ɗari biyu da goma sha ɗaya ba.

Layi uku na ƙara.
Karɓi, rage girmansa, kai shi faifai, sake shi.
In ka buɗe, ka rufe.

Arba'in da ɗaya.
Na jira.
Arba'in da ɗaya.
Arba'in da biyu, gabana ya faɗi,
arba'in da ɗaya.

Ladan ya gyara murya a masallacin bayan tasha,
manyan motoci sun fara tari a bakin kasuwa.
Wani daga Doka ya shigo, baƙon farko,
ya turo hoton riɗi fari tas a tafin hannu mai kanta.
Saba ta karɓa, ta duba, ta ajiye.

Duk da haka na ɗaura mata ƙararrawa a kashi tamanin.
Na san wanda ya gina ta.