Ni Na Miƙa Masa Biro

Ni na miƙa masa biro.
Nasa ya ƙafe, ranar jajibirin Kirsimeti,
ƙanƙara na sauka a kan kogin Misuri,
fayil goma sha ɗaya a teburin gwamna,
direba a ƙasa bai ko kashe mota ba.

Na bakwai shi ne Delmar Pruett.
Yana ɗan sha tara ya rotse kan mai shago da ƙarfen taya,
shekara ashirin da biyu yana ƙirga sandunan taga.
Limamin coci ya rubuto: ya tuba.
Gandiroba ya rubuto: ba ya faɗa.
Uwarsa ta rubuto da fensir, layi huɗu kacal,
wai yana ta rufe mata ido ɗaya,
tana so ta gan shi da wanda ya saura.
Ni na karanta duka.
Ni na ja layi ƙarƙashin "ya tuba"
don kada idon gwamna ya tsallake.

Ya sa hannu, ya dubi agogo,
ya maido mini abina, ya ce a gaida yara.

Wata goma sha huɗu.
Sai gidan mai na bakin babbar hanya, ƙarfe biyun dare,
Loretta Vance na ɗaure canji da roba.
Dala tamanin da shida ya ɗauka.
Ɗanta Tobias, ɗan aji uku,
da takalmi ya yi barci a kujera,
yana jiran ƙarar makullinta.

Gari na wayewa laifi ya zama tudu,
kowa ya take nasa yana hangen na wani.
Gwamna ya ce kwamiti ne ya kawo.
Kwamiti ya ce likitan ƙwaƙwalwa ya sa albarka.
Likita ya ce "mai yiwuwa" ya rubuta, a duba shafi na tara.
'Yan adawa suka liƙa fuskar Loretta a allon talla
tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba.
Sakatariya dai ba wanda ya tambaye ta.

Sauran goman fa?
Ɗaya na gasa burodi tun asuba,
ɗaya na gyaran rufi,
ɗaya ya cika a ɗakin 'yarsa, hannunsa cikin nata.
Su jarida ba ta san da zamansu ba.
Wake ɗaya ya ɓata gari:
sabon gwamna ba ya ko buɗe fayil,
ɗari huɗu sun taru, ƙura ce ke karanta su.

Delmar ne ya ɗaga hannu, na sani,
ba ni ba, ba gwamna ba.
Kullum nakan faɗa wa kaina haka
kafin bas ta kai kwanar makarantar Tobias,
sai in juya fuska ɗaya gefen.

Biron na cikin jakata.
Jiya na gwada shi a bayan rasit.
Har yanzu yana rubutu.