Ranar da Aka Hana Mu Su

Tun da yamma jandarmomi suka bi gaɓar Kuru da lasifika:
gobe kada kwalekwale ko ɗaya ya taɓa ruwa.
Na ce, to, su kifayen an sanar da su?
Ba wanda ya dara sai Sylvanise, jikata,
mai aikin goge-goge a ginin da ƙura ba ta da izinin shiga,
inda mutum kan rufe jikinsa ruf, har gira,
kamar mai zuwa ɗiban zuma.

Ita ta gan shi da idonta, ta bayan gilashi.
Madubi ne, Kaka, an naɗe masa fikafikai
yadda kake naɗe taru in za ka fita.
Can gaba da wata za a kai shi a shimfiɗa.
Ya kamo me? na ce.
Haske, in ji ta. Tsohon haske.

Na ja tsaki.
Firmin mai sayar da fetur yana bi na yuro arba'in,
kuma ban taɓa jin an zuba haske a tukunya ba.

Da safe muka tsaya a kan yashi, hannu a aljihu,
masunta goma sha ɗaya ba aikin yi.
Sai wuta ta tashi daga bayan daji, shiru,
kamar an kunna ashana a ƙauyen da ke ƙetare.
Har gajimare ya haɗiye ta ban ji komai ba.
Can sai ƙarar ta iso,
ta shiga ta tafin ƙafata, ta fito ta haƙora,
jajayen tsuntsaye suka watse daga bakin kogi.
Ka gani? in ji yarinyar. Abin ya riga ya faru,
labarinsa ne ya makara a hanya.

Damina ta zo ta wuce. Na manta.

Ran nan ina ɗinkin taru a gindin mangwaro
ta miƙo mini wayarta mai tsagaggen gilashi.
Baƙin ruwa na gani, cike da ƙananan kifaye,
wasu farare, wasu sun lanƙwashe kamar jatan lande.
Ta ce ba taurari ba ne, Kaka,
kowane ɗigo garke ne guda na taurari,
kuma duk wannan, in ka ɗora ƙwayar yashi a yatsa
ka miƙa hannu sama, ta rufe shi.

Allura ta tsaya a hannuna.

Ina ɗan shekara tara mahaifina, Théodule,
ya wuce da ni bayan tsibiran nan uku,
inda ruwan laka ke ƙarewa, shuɗi ya fara.
Ya ɗaura dalma a igiya ya ce in saka.
Na saka, na saka,
igiya ta ƙare a hannuna, dalma na lilo,
ba ta taɓa ƙasa ba.
Ranar ko kifi ɗaya ba mu kamo ba,
uwata ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo.
Amma tun daga ranar ban sake tsayawa a jirgi
irin tsayuwar mai gida ba.
Wanda ya san zurfi, a hankali yake taka katako.

Ban faɗa mata wannan ba.
Yuro arba'in na nan, Firmin bai yafe ba,
kuma har gobe ina cewa da sun biya mu kuɗin yinin.
Na dai goge hannu a wando,
na karɓi wayar da kyau, kamar ƙwai.
Akwai wani ɗan ja a can kusurwa,
dab da inda gilashin ya tsage,
da ƙyar ake ganinsa.
Na ce, wancan fa, tun yaushe ya kamo hanya?
Matso mini da shi.