Ruwan Randa

An haife ka a watan da inuwa ke neman inuwa,
kwalta na narkewa a Ƙofar Kware.
Ungozoma ta ɗaga ka, ta ɗan mare ka a baya,
ka buɗe ido ɗaya, ka dube ta, ka yi hamma.
Ta ce, "Wanga yaro bai zo da gaggawa ba."
Shekara talatin da biyu ke nan, Sahabi,
maganarta ba ta faɗi ƙasa ba.

Ni kuwa duk Gidan Igwai an san hali na,
kara ɗaya ya ishe ni in kama da wuta.
Sai Allah ya ajiye min randa a tsakar ɗaki.

Ka tuna jar akuyar Inno
da ta cinye littafinka na lissafi har bango?
Na ɗauki muciya na bi ta har zaure.
Ka riƙe min gefen zani, kana ɗan shekara bakwai,
ka ce, "Inna, ƙyale ta,
wataƙila ita ta gane, ni dai ban gane ba."

Takalmin Sallah da babanka ya ɗinko wajen madunka,
jar fata, tana ƙamshin bagaruwa,
kafin azahar ka dawo da ƙafa ɗaya.
Na ce ina ɗayan?
Ka ce ƙasa da zafi, Modi ba shi da ko ɗaya,
kun raba zafin biyu.
Har magariba ina hango ku ta ƙofar gida,
kuna ɗingishi kamar zabi, kuna dariya.

Na aike ka daddawa Tsohuwar Kasuwa da hantsi,
sai la'asar na gan ka.
Miya ta ƙone, bakina ma ya ƙone da faɗa.
Wai ka tsaya kallon wani tsoho yana gyaran koma,
ba wanda zai riƙe masa bakin zare.
Daddawar tana aljihunka, ta narke da gumi.

Ranar da ka zo na sha tara a aji,
ka miƙo takarda kamar mai raba goron suna.
"Akwai mutum goma sha ɗaya a bayana, Inna,
su ma ɗiyan wasu ne."

Da damina ta kwantar mana da katangar gabas
ina salati, ina ƙirga kuɗin magini,
ka hau kan ɓaraguzai ka miƙe ƙafa,
ka ce yau iska ta samu hanya.
A daren nan muka yi barcin da muka daɗe ba mu yi ba.

Maƙwabta sun ce ba ka da zuciya.
Ba su gan ka ba ranar da aka kai babanka,
bayan kowa ya watse,
ka jingina da dogon yaro, hularsa a hannunka,
kafaɗunka na rawa, ba sauti.
Ni na gani, na koma ɗaki,
ban taɓa gaya maka ba sai yau.

Yanzu sai Juma'a kake zuwa daga Kalambaina,
farin siminti a girarka kamar ka riga ni tsufa,
Luba na kan wuyanka tana jan kunnenka.
Jiya ta jefar da kofi don an ba ta fura ba sukari,
ta buga ƙafa, ta cika gidan da ihu.
Ka dube ta, ka dube ni,
ka ce, "Inna, ga ki nan kin dawo."
Na nemi muciya, sai dariya ta riga ni.

An ɗauke wuta, dare ya ƙi sanyi.
Na lalubi moɗa a cikin duhu,
na buɗe faifan randa,
na sha, na sake sha,
na ce Allah ya bar min kai yadda kake.