Allura a Hayin Sunset Point

Delfina Archuleta ta makara.
Da asuba ta so barin Phoenix,
igiyar raga ta tsinke, Tobías ya ɓatar da makulli,
sai da hantsi ya dubi ludayi suka hau kwalta,
amya talatin da biyu a kan tirela,
kowace tana gunaguninta.

A-kori-kurar gadon uba ce.
Anselmo ya bar mata ita da bashi kaɗan
da wani ma'auni da ya ɗaura da hannunsa
a gefen sitiyari, a karkace,
mai allura ɗaya tak, ba ta san komai ba
sai zafin man giya, a lissafin Farenhait.

Ɗari da tamanin, yakan ce, ki rera abinki.
Ɗari biyu, rage hira.
In ta haura da ashirin, man ya fara tsufa a gabanki.
Da arba'in kuwa, 'yata,
robobi na ƙandarewa, kuloci na cin kansa,
kuma ba zai yi kuka ki ji ba.
Giya ba ta da baki. Sai ta gama mutuwa take sallama.

A Black Canyon hanya ta ɗaga kai.
Ɗari da casa'in da biyar.
Motar ta sauya giya, ta koma, ta sake sauyawa,
kamar mai neman kwanciya a kan tabarmar ƙaya.
Delfina ta kama ta, ta tsare ta a ta uku.
Ɗari biyu da goma.
Ta kashe iskar sanyi, ta sauke gilashi,
hamada ta shigo ta zauna tsakaninsu.

Ga inda gizo ke saƙar:
ƙudan zuma na son tafiya,
iskar gudu ce fankarsu,
in an tsaya a rana, saƙa ta narke a kan 'ya'yansu.
Mai kuwa hutu yake roƙo.
Gaba zafi, baya zafi,
mace ɗaya, ƙafa ɗaya a kan totur.

Ɗari biyu da ashirin da takwas.
Mama, in ji Tobías, saura mil nawa?
Ba ta amsa ba. Tana jin uban a kunnenta,
yana tauna tsinken sakace, yana kallon allura.

Inda dutse ya ara wa hanya 'yar inuwa, ta ratse.
Ba ta kashe inji ba.
Ta bar shi yana numfashi a tsaye,
don man ya ci gaba da zagaye, ya kai zafinsa gaban fanka ya sauke.
Ruwan shansu, galan huɗu,
yaron ya yayyafa a kan raga da gwangwanin wake.
Guda ta sami ɓula, ta biya shi lada a fatar ido.
Bai ajiye gwangwanin ba.

Minti goma sha tara.
Manyan motoci na wucewa, ƙasa na rawa.
Allura ta sauko da kyar, kamar tsohuwa a matakala:
da ashirin, da goma, da biyar,
sai ɗari da casa'in.

Ta zaro sandar awo, ta goga a bayan rasit.
Ja, har yanzu ja,
kalar zoɓon da kakarta ke jiƙawa ranar Lahadi.
Ta kai hanci. Ba ƙauri.
Ta ninke takardar, ta cusa a aljihu,
ita ma ba ta san dalili ba.

Sun isa Flagstaff da la'asar, maƙogwaro a bushe,
idon Tobías ɗaya a rufe, yana yi wa madubi dariya.
Ta kwance raga a gindin itatuwa.
Ƙudan suka fito, suka yi kewaye biyu,
babu godiya, suka tafi aiki.

Ƙarƙashin motar ƙarfe na ta ƙas, ƙas,
yana hucewa shi kaɗai.