Ɗigo a Gonar Riɗi

Kudu da Gadarif, a gonar riɗi,
inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da itace ba,
nan kububuwa ta same ni
ina ɗaga dami na arba'in da uku.
Ba ta yi sallama ba.
Ni ma ban yi ba da na taka ta.

Abokan yanka sun yi gaba tun azahar.
Na kira Haladu, ɗan ƙanena, mai akori-kura.
Ya ce, "Baffa, kana ina?"
Na duba gabas, riɗi.
Na duba yamma, riɗi.
Na ce, "Wajen aduwar nan."
Ya ce, "Baffa, shekara shida da sare aduwa."

Kakana daga Haɗeja ya taho a ƙafa,
Gamzaki ke tashinsa, Zara ke ba shi masauki,
shekara bakwai yana bin gabas
bai taɓa tambayar ƙarfe inda yake ba.
Ga jikansa a bayan gari
ya kasa faɗin inda ya kwanta.

Sai na tuna Iklas, autata,
daren da ta ƙwace wayar tana dariya:
"Danna nan, sannan nan, sai ka aika.
Ko ka ɓace wa kanka, ita ba ka ɓace mata ba."
Na ce sanin inda bawa yake sai Allah.
Ta ce, "To, ai Shi ya ba mutum dabara."
Na kore ta ta kawo shayi.

Sabis sanda ɗaya,
yana leƙowa yana ɓuya kamar wanda ake bi bashi.
Caji sha ɗaya.
Ƙafa na kumbura, yatsa na rawa,
gumi ya hana gilashi jin magana.
Na goge da bakin rawani, na danna,
na ɗaga hannu sama kamar mai addu'a.
Addu'ar kuwa nake.

Ya tafi.

Shekara sittin da biyu,
da gemu, da 'ya'ya tara, da bashin mai kanti,
duk mun dunƙule mun zama ɗigo shuɗi
da kaɗan ya fi ƙwayar riɗi.

"Na gan ka, Baffa! Kada ka tsaga, kada ka tashi."
Na kwanta ina ƙirga kurciyoyi.
Can ya sake kira, murya a shaƙe:
"Waya ta ce in miƙe,
amma kwarin gabana laka ce har gindin mota."

A nan na yi dariya, da ciwon da komai.
Na ce, "Yaro, yanzu kai za ka danna inda na ce.
Koma baya zuwa tafkin da aka haƙa,
ka sa rana a kafaɗarka ta hagu,
ka nemi tsohon burtalin raƙuma.
In ka ji tsakuwa na kuka ƙarƙashin taya,
kada ka rabu da ita."

Ita ta san inda nake.
Ni na san ta inda ake zuwa.
Da ɗayanmu ya yi girman kai
da yanzu ana ta zaman makoki.

Caji uku na hangi ƙura.

A asibiti Iklas ba ta ce "na faɗa maka" ba.
Ta zaro wayar daga aljihuna,
ta nemi soket bayan gado ta jona,
ta zauna tana kallon ƙafar.
Na ce, "In kin huta, sake nuna mini.
Akwai Malam Tanimu ma, ya fi ni taurin kai."

Dami na arba'in da uku yana can har yau.
Na san daidai inda yake.